Mai bawul ɗin ƙarfe ba ya daina wafarin, ba ya musanya shi

Cikin wata guda na ga mutum uku da matsala iri ɗaya, shi ya sa na ajiye abin da na yi niyyar rubutawa wannan makon. Ta ƙarshensu matashiya ce da aka sa wa bawul ɗin ƙarfe a zuciya a Indiya shekara biyu da suka wuce. An kawo ta baki ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Na tambayi mijinta littafin gwajin jininta, sai ya ce, "Likita, ai mun huta da wannan wahalar. Wani mai kemis ya ba mu sabon magani, ya ce na zamani ne, ba sai an riƙa gwaji ba." Ya zaro kwalin daga aljihu. Xarelto ne. Wata huɗu ke nan rabonta da wafarin, maganin tsinka jini.

Wannan jita-jita ta sabon magani ta ishe ni. Xarelto da Eliquis da Pradaxa magunguna ne masu kyau, ni ma ina rubuta su ga mai gudan jini a jijiyar ƙafa, ko wanda bugun zuciyarsa ya rikice alhali bawul ɗinsa lafiya lau. Ga mai bawul ɗin ƙarfe kuwa an gwada, an ga abin da ya biyo baya. A 2013 aka fitar da sakamakon gwajin Pradaxa a kan irin waɗannan marasa lafiya, gwajin da aka tsayar kafin lokacinsa saboda masu shan sa sun fi masu shan wafarin samun shanyewar ɓarin jiki, sun kuma fi su zubar jini. A 2022 kuma aka tsayar da gwajin Eliquis saboda gudan jini ya yi yawa. Don haka duk wanda ya ce maka ya samo maka maganin da zai raba ka da gwaji, ko ɗan'uwanka ne da ya dawo daga Dubai, ko ma'aikacin lafiya ne, ka tambaye shi ko ya san abin da ke cikin ƙirjinka. Ga bawul ɗin ƙarfe har yau wafarin ne da danginsa, kuma har ƙarshen rayuwa.

Dalilin ba mai tsawo ba ne. Yawancin masu zuwa wannan aiki daga ƙasarmu ciwon makogwaron yarinta ne da ba a kula da shi ba ya lalata musu bawul. Idan aka cire lalataccen aka sa na ƙarfe, jini ba ya karɓar sa a matsayin jiki, yakan so daskarewa a kansa. Gudan ko dai ya maƙale bawul ɗin ya hana shi buɗewa, ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Wanda aka sa wa bawul ɗin naman dabba hukuncinsa daban ne, galibi watanni kaɗan zai sha a tsayar, sai in akwai wani dalili. Ka san irin naka, yana rubuce a takardar sallama.

Wafarin kuma ba a auna shi da yadda kake jin jikinka. Mutum na iya jin garau alhali jininsa ya yi kaurin da zai toshe bawul, ko ya tsinke har kai ya kusa zubar da jini a ciki. Ma'auni ɗaya ne, gwajin INR. Na wanda ba ya shan komai yana kusa da 1. Mai bawul ɗin ƙarfe a bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya yawanci ana son nasa tsakanin 2 da 3. Mai na maitiral, wanda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya, tsakanin 2.5 da 3.5, domin jini ya fi saurin daskarewa a nan. Likitan da ya yi aikin na iya ba ka wata iyaka daban, tasa za ka bi. A farkon fari ana gwaji akai-akai, in ya daidaita sai a koma sau ɗaya a wata. Wanda ya shekara bai yi gwaji ba yana tuƙi ne da dare ba fitila.

Wasu kuma suna dainawa ne don an ce musu maganin ɓera ne. Gaskiya ne a 1948 an fara sayar da shi a Amurka don kashe ɓera, a 1954 aka amince da shi ga mutane, shugaban ƙasar Eisenhower ma an ba shi a 1955 bayan ciwon zuciya ya kama shi. Shekara saba'in ke nan ana rayar da mutane da shi. Abin da ya raba guba da magani a nan shi ne adadi, adadin kuma gwaji ne ke faɗar sa.

Sai batun ganye, inda har wasu abokan aikina ke ƙara dagula lamarin. Ana sallamar mara lafiya da dogon jerin hani: kada ka ci zogale, kada alayyahu, kada kabeji, kada miyar kuka. To me zai ci a gidan Bahaushe? Ganye yana ɗauke da bitamin K, shi kuma yana rage ƙarfin wafarin, wannan haka yake. Amma abin da ake buƙata shi ne daidaito. Idan kin saba cin kwaɗon zogale sau biyu a mako, ci gaba, za a daidaita miki ƙwaya a kan haka. Matsalar tana zuwa ne idan damina ta faɗi aka dira kan rama da zogale kullum bayan watanni ba a taɓa su ba, ko aka yanke ganye gaba ɗaya don tsoro. Azumi ma haka, cima tana sauyawa, don haka a sha ƙwayar bayan buɗa baki a lokaci guda kullum, a kuma yi gwaji a cikin watan.

Abin da ya fi ganye haɗari nesa ba kusa ba shi ne kantin magani. Ciki ya ɗan murɗa, a aiki yaro ya sayo Flagyl. Tari ya zo, a sayo Septrin. Waɗannan biyun, da Diflucan da mata ke sha don ƙaiƙayi, suna iya harba INR sama cikin kwanaki kaɗan. Rifamfisin na tarin fuka da Tegretol na farfaɗiya su kuma ƙasa suke jan sa, har wafarin ya zama kamar ba a sha. Brufen da Felvin da asfirin da duk haɗe-haɗen maganin gajiya da ake ƙullawa a leda suna fasa jini a ciki. Don ciwon kai Panadol ya isa, shi ma in za a jera kwanaki ana sha a faɗa wa likita. Ina mamakin mai kemis da zai miƙa wa mutum ƙwayoyi kala biyar bai tambaye shi abin da yake sha a gida ba. Tunda ba za su tambaya ba, kai ka faɗa tun daga bakin ƙofa: "Ina da bawul ɗin ƙarfe, ina shan wafarin." Ka faɗa wa mai cire haƙori, ka faɗa wa mai allura don kada a yi maka a tsoka ba da shawara ba. Ƙaho da sakiya da tsaga ba naka ba ne, ka ba wanzami haƙuri. Jiƙe-jiƙe da tsimi da maganin basir na kwalba, ba wanda ya san abin da ke cikinsu, balle a lissafa yadda za su yi da jininka.

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba. Masu dawowa daga Indiya sau da yawa da Acitrom suke dawowa. Ɗan'uwan wafarin ne, aikinsu ɗaya, amma miligiram ɗinsu ba ɗaya ba ne. Na ga wanda aka rubuta wa wafarin a nan ya haɗa da sauran Acitrom ɗinsa yana shan biyun. Launin ƙwaya ma ba abin dogaro ba ne: a tsarin Ingila mai ruwan hoda miligiram 5 ce, a tsarin Amurka mai ruwan hoda miligiram 1 ce, kuma kasuwarmu daga ko'ina take shigo da kaya. Karanta lambar da ke jikin kwali duk lokacin da ka sayi sabo. In ka manta shan ta yau har gari ya waye, ta wuce, kada ka ninka gobe. Rubuta a littafinka kawai.

Mata masu shekarun haihuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Wafarin na iya nakasa ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, amma dainawa da kanki ranar da kika ga al'ada ta ɗauke na iya kashe ki. Akwai tsari, wani lokaci allurar heparin, wani lokaci a ci gaba da ƙwaya in adadin kaɗan ne, kuma ana tsara shi ne tun kafin a ɗauki cikin, ke da maigida a gaban likita. Shayarwa ba matsala.

Ina da ƙorafi a kan 'yan'uwa da masu taimako. Ana tara miliyoyi a masallaci da rediyo a kai yaro Indiya ko Masar, ko a nema masa gurbi a cibiyar Salam ta Khartum da ƙungiyar Emergency ta buɗe a 2007 tana aikin kyauta. Allah ya saka da alheri. Amma ranar da ya sauka daga jirgi sai kowa ya watse, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Wa zai biya kuɗin mota daga ƙauye zuwa inda ake gwaji duk wata? Asibitocinmu na ƙananan hukumomi da yawa ba sa yin INR, alhali akwai 'yar na'ura ta hannu mai aiki da ɗigon jini daga yatsa kamar ta masu ciwon suga. Duk mai niyyar ɗaukar nauyin aiki ya sa kuɗin gwaji da na ƙwaya cikin lissafinsa tun farko.

Haɓon da ya ƙi tsayawa, fitsari ja, bayan gida baƙi kamar kwalta, al'ada mai ambaliya, ciwon kai mai tsanani ko faɗuwa a bugi kai, duk asibiti ne a ranar. Haka in numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙas-ƙas ɗin bawul da ka saba ji cikin dare ya dusashe, ko magana ta harɗe ko da na minti biyu ne ta dawo.

Matashiyar nan mun mayar da ita kan wafarin, da allura a gefe har INR ya shiga tsakanin 2.5 da 3.5. Bakin ya miƙe, tana magana. Hannun har yanzu ba ya riƙe cokali, ana yi mata gashi. Mijin ya sayo sabon littafi, ranar Alhamis za su dawo gwaji.