Idan Shuɗin Jijiya Ya Koɗe, a Fara Tambayar Kwalba

Aikina a labo shi ne in yanka nama siriri, in rina shi, likita ya duba a madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne mayalin, kitsen da ke naɗe da zaren jijiya kamar robar wayar lantarki. Ƙwayar cutar kuturta takan shiga ƙwayoyin da ke yin wannan kitse, shi ya sa yatsu ke daina ji.

Da rinin Luxol fast blue muke rina mayalin, bisa hanyar da Klüver da Barrera suka fitar a 1953. Lafiyayyen mayalin yakan fito shuɗi, inda ya zube kuma wurin ya yi fari. To, rinin da ya ɓaci ma fari yake fitowa, sai a laƙaba wa mutum ciwon da ba shi da shi.

Wata bazara aka kawo mana ɗan guntun jijiya daga yankin Dungass, ya biyo ta Magarya ya iso Damagaram bayan kwana biyu. Sau uku ina rinawa, shuɗi ya ƙi kamawa. Na zargi rinin, na zargi hannuna. Ashe a ruwan gishiri aka sako shi, zafi ya riga ya narkar da shi a hanya. Dole aka sake kiran mara lafiyar.

Abokan aiki masu ɗaukar nama, don Allah ku jefa shi nan take cikin formol mai kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman aƙalla sau 10. Kada ku sa a alkol, yana janye kitse. Kada ku matse jijiya da hantsaki. Ku rubuta ranar ɗauka da sa'a a jikin kwalba.

Mu kuma na labo, kaurin yanka ya kai mikron 10 zuwa 15, ya kwana cikin rini a zafin digiri 56 zuwa 60. Wajen rage launi da lithium carbonate da alkol mai kashi 70, daƙiƙoƙi kaɗan sun isa. A riƙa leƙa madubi, don in ka zarce shuɗin ya tafi sai ka koma farko. Kullum a rina lafiyayyen nama tare da na mara lafiya. In lafiyayyen ma ya koɗe, laifin namu ne, kada sakamako ya fita daga labo.