Karatu a Birnin Landan: Abin da Ya Kamata Hakimi Ya Sani Kafin Ya Sa Hannu

Kowace shekara, da damina ta kankama, a kan ga samari suna zuwa ƙofar hakimi da takarda a hannu, suna neman a shaide su, domin wata makaranta ta Landan ta ce ta karɓe su. Sau da yawa uban yaro ya kan biyo baya, ya nemi a shaida masa cinikin gona ko na gida don ya haɗa kuɗin tafiya. Sa hannun hakimi da alƙalamin magatakarda suna cikin abubuwan farko da a ke bukata a wannan al'amari. Saboda haka wajibi ne su san yadda tafiyar ta ke, tun daga farkonta har ƙarshenta, don su ba talakawansu shawarar da za ta fisshe su. Takardar karɓa daga makaranta hangen Dala ce, ba shiga birni ba.

1. Waɗanda Suka Fara Zuwa

Landan ita ce babban birnin Ingila, tana bakin kogin Thames, mutanenta sun kai wajen miliyan 9. An kafa Jami'ar Landan a 1836, tana kuwa da makarantu da yawa a ƙarƙashinta. Ɗaya daga cikinsu ita ce makarantar nazarin ƙasashen Gabas da na Afirka, wadda a ke kira SOAS, da aka kafa a 1916. A can ne Bargery, wanda ya wallafa babban ƙamus na Hausa a 1934, ya koyar da Hausa.

A 1945 aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da waɗansu 'yan'uwansa malamai zuwa makarantar koyon aikin malanta ta wannan jami'a. Malam Aminu Kano ya bi bayansu a 1946. A 1948 Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, wanda aka naɗa hakimin Rabah a 1934, ya tafi Ingila don ya ga yadda a ke tafiyar da mulkin gunduma. Mutanen nan duka sun riga sun yi aiki a gida kafin su tafi, sun san abin da suka je nema, hukuma ce ta ɗauki nauyinsu, kuma kowannensu ya komo. Abin da suka gano bai tsaya a kansu ba: a 1950 Malam Abubakar ya kawo batun gyaran mulkin En'e a Majalisar Jihar Arewa, a 1957 kuwa ya zama Firayim Minista.

A zamaninsu mai tafiya ya kan shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko, sa'an nan ya yi wajen mako biyu cikin jirgin ruwa kafin ya sauka Liverpool. Yau jirgin sama ya kan kai mutum daga Abuja zuwa Landan cikin awa 7 ko ƙasa da haka. Hanya ta yi sauƙi, amma fa sharuɗɗan shiga sun ƙaru ƙwarai.

2. Takardun da A Ke Bukata

Shekarar karatu a Ingila ta kan fara a watan Satumba ko Oktoba. Digiri na farko shekara 3 ne, na biyu kuwa galibi shekara guda. Yaron da ya fito daga sakandare da takardar WAEC kaɗai, yawancin jami'o'in Landan su kan sa shi ya yi shekara guda ta share fage tukuna, wadda ita ma da kuɗinta.

In makaranta ta amince da ɗalibi, sai ta ba shi lambar tabbacin karɓa, wadda su ke kira CAS. Ba a ba da bizar karatu sai da wannan lamba, kuma makarantar da Gwamnatin Ingila ta yi wa rajista ce kaɗai ke da ikon ba da ita. Sunayen waɗannan makarantu suna nan a shafin intanet na gwamnatin, kowa yana iya dubawa kyauta. Bayan wannan akwai fasfo, da shaidar likita cewa ba shi da tarin fuka, da shaidar iya Turanci, da takardar banki.

A nan ne aikin magatakarda ya ke da muhimmanci. Lalle ne sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a takardar shaidar asali, da takardar makaranta, da fasfo. In an rubuta Muhammadu a nan, Mamman a can, ko an sauya shekarar haihuwa don a rage masa shekaru, wannan kaɗai yana iya jawo jinkiri ko a hana shi biza. Wanda aka kama da takardar jabu kuwa, ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10.

Akwai dillalai masu shiga tsakanin ɗalibi da makaranta. Waɗansu na gaskiya ne, waɗansu kuwa macuta. Hanyar tsira ita ce a rubuta wa makarantar kanta a tambaye ta ko ta san dillalin, kuma kada a zuba kuɗin makaranta a asusun kowa sai wanda makarantar ta nuna da kanta.

3. Lissafin Kuɗi

Kuɗin da baƙo ke biya ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. A manyan makarantun Landan ya kan haura fam 20,000 a shekara. Ban da wannan, sai ɗalibi ya nuna yana da abin ci da na haya. A farkon 2025 an ƙayyade wa mai karatu a Landan fam 1,483 a kowane wata har wata 9, watau fam 13,347, kuma a kan ƙara adadin lokaci lokaci. Tilas kuɗin nan su kwana 28 a jere cikin banki kafin a nemi biza. Har wa yau akwai kuɗin asibiti, wanda aka mai da fam 776 a shekara tun daga 2024.

In aka tara waɗannan uku, shekara guda ta haura fam 34,000, ba a sa kuɗin jirgi da na biza ba tukuna. To, a farkon 2023 fam guda bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, sai ga fam ya haura naira 1,800 a 2024. Bisa wannan farashi, fam 34,000 sun fi naira miliyan 61. Iyayen da suka yi lissafi da tsohon farashi sun wayi gari kuɗinsu bai kai sulusin abin da a ke nema ba. A 2024 waɗansu ɗaliban Nijeriya a Ingila sun kasa cika kuɗin makaranta, aka dakatar da su, aka ce su bar ƙasar.

Sau da yawa yaro ya kan ce wa ubansa, in dai an biya na farko, sauran zai yi aiki a can ya biya. Wannan lissafi ba ya fita. Doka ta ba ɗalibin digiri damar aikin awa 20 kaɗai a mako lokacin karatu, ta hana shi kafa sana'ar kansa, ta kuma hana shi karɓar taimakon da gwamnati ke ba talakawanta. Ladan awa 20 da ƙyar ya ke ɗaukar hayar ɗaki da abinci a Landan. In ya bar zuwa aji don neman kuɗi, makaranta tilas ta sanar da hukuma, a yanke bizarsa, galibi a ba shi kwana 60 ya fita. Sai a rasa gona, a rasa takarda. Don haka in uba ya zo neman shaidar sai da gonar da iyali ke ci daga gare ta, ya kamata hakimi ya zaunar da shi, a yi lissafin kuɗin karatun duka da fam, daga shekarar farko har ta ƙarshe, kafin a sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

4. Hanyoyin Samun Taimako

Akwai hanyoyin da ba sai an sai da kome ba. Taimakon karatu na ƙasashen Kwamanwel an fara shi a 1959, a Nijeriya kuwa ana nemansa ta hannun Hukumar Ba da Taimakon Karatu ta Tarayya. Na Chevening, wanda Gwamnatin Ingila ta kafa a 1983, na digiri na biyu ne, ana so mai nema ya riga ya yi aiki na shekara 2, ya kuma yi alkawarin komawa ƙasarsa ya zauna shekara 2 bayan ya gama. Asusun PTDF ya kan tura masu karatun da ya shafi man fetur. Jihohi ma suna da hukumominsu. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo wa yaro ɗaya daga cikin waɗannan, a yi hattara da shi.

Ya kamata kuma a duba ko karatun da yaro ke nema akwai shi a gida. A 1945 babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya. Ta Ibadan sai a 1948 aka buɗe ta, ta Ahmadu Bello a Zariya kuwa a 1962. Wanda ya yi digirin farko a gida, ya yi aiki, sa'an nan ya nemi taimako ya tafi na biyu, ya fi hankali, ya kuma fi sauƙi ga iyayensa.

5. Zaman Birnin da Irin Karatunsa

Abin da ya fi ba baƙo wuya shi ne sanyi da duhu. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, ta faɗi kafin ƙarfe 4. A watan Yuni kuwa yini ya kan haura awa 16, in azumi ya faɗo a lokacin sai an daure. Da rani nasu agogon Landan daidai ya ke da na Nijeriya, da hunturu kuwa yana bayansa da awa guda. Haya ita ce ke cinye mafi yawan kuɗi. Ɗalibi ya kan kama ɗaki ɗaya a bayan gari, ya riƙa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka fara tun 1863. Ya fi kyau ya tabbatar da masauki kafin ya tashi, kada kuma ya biya kuɗin ɗakin da shi ko wani amintacce bai gani ba.

Wajen addini babu tsangwama. Akwai babban masallaci a gefen Regent's Park, wanda aka gama a 1977, da na gabashin Landan a Whitechapel, da waɗansu masu yawa. Naman halal ba ya wuyar samu. A unguwar Peckham akwai 'yan Nijeriya da yawa da kantunan abincin gida. Ofishin jakadancin Nijeriya yana titin Northumberland, kusa da dandalin Trafalgar.

Karatun kansa dabam ya ke da na gida. Awoyin aji kaɗan ne, sauran lokaci na ɗalibi ne, ya shiga ɗakin littattafai ya yi bincike ya rubuta. Malami yana so ɗalibi ya yi masa tambaya, har ya ja da shi in yana da hujja. Yaron da aka hora da sunkuyar da kai gaban manya sai a faɗa masa wannan tun daga gida, don kada a ɗauki ladabinsa rashin fahimta. Kwafe rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne babba a wurinsu, yana iya kai ga kora. Ranar da aka sa don miƙa aiki kuwa ba a ɗaga ta sai da uzuri mai ƙarfi.

6. Iyali da Komowa

Tun daga watan Janairu na 2024, mai karatun digiri na biyu na shekara guda ba shi da ikon tafiya da matarsa da 'ya'yansa, sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ke nan magidanci zai bar iyali a gida. Tun kafin ya tashi a san wanda zai ci da su, a kuma yi maganar gaban shaidu, don kada ƙarar ta zo gaban hakimi ko alƙali bayan wata shida. In mace ce za ta tafi, a tabbatar da masaukinta da wanda zai tarbe ta.

Wanda ya gama ya komo, sai ya kai takardunsa Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya a tantance su. In digirin farko ne, kuma ya gama bai wuce shekara 30 ba, aikin bautar ƙasa, wanda aka kafa a 1973, yana kansa kamar kowa.

7. Tambayoyin da Hakimi Zai Yi

Kafin a buga hatimi, magatakarda ya rubuta amsar waɗannan a littafin ofis:

Na ɗaya, mene ne sunan makarantar, kuma an ga sunanta cikin masu rajista?

Na biyu, nawa ne kuɗin karatun duka da fam, wa zai biya, daga ina?

Na uku, in an sai da gona ko gida, me ya rage wa sauran iyali?

Na huɗu, sunan yaro da shekarunsa sun yi daidai a takardunsa duka?

Na biyar, wa zai riƙe iyalinsa, kuma wane aiki ya ke nufin yi in ya komo?

In amsoshin sun cika, a shaide shi ba tare da ɓata lokaci ba, a yi masa addu'a, domin tafiya mabuɗin ilmi ce. In kuwa ba su cika ba, a ba shi shawara ya dakata shekara guda ya nemi taimakon karatu. Makarantu da yawa su kan yarda su ɗaga wa ɗalibi gurbinsa zuwa shekara mai zuwa in ya rubuta ya roƙa da wuri.