Kafin Ka Zargi Mita, Duba Kayan Gidanka

Koken da mu masu aikin wayarin muka fi ji daga masu mitar kati shi ne wai tana gudu, an sa kati jiya, yau ya ƙare. Mafi yawan lokaci mitar ba ta da laifi. Yunit ɗaya da kake saya wat 1,000 ne na tsawon awa guda. Dutsen guga mai wat 1,000 zai cinye shi cikin awa ɗaya, alhali ƙwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci haka. Ke nan maigidan da ke yi wa yara faɗa kan barin ƙwai a kunne, ga hita a bokiti, ga rishon lantarki a kicin, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Masu kwashe kuɗin su ne kayan da ke kawo zafi ko sanyi, musamman tsohuwar firiza da robar ƙofarta ta saki, injinta ba ya hutawa.

Wani zai ce a lokacin bil na kintace ba ya jin wannan raɗaɗi. Haka ne, domin maƙwabcinsa mai fanka ɗaya ke taya shi biya, kuma zaluncin ya yi yawa har hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta sa wa kintacen iyaka a 2020. Wani kuma zai ce wutar ce ta yi tsada. Ban musa ba, a Afrilun 2024 yunit ya kai naira 225 ga 'yan rukunin A, wato masu amfani da wuta da aka fi ba wuta. Amma ai tsadar ce ta wajabta sanin inda kowane yunit ke tafiya, kuma mita ce kaɗai za ta nuna maka. A duba rasit ma, don wani lokaci tsohon bashi ake cira daga kuɗin katin.

Gwajin ba shi da wuya. Kashe komai, cire duk abin da ke soket, ka kalli jar fitilar mitar. In ta ci gaba da ƙiftawa, ko wayarin gidan na yoyon wuta, ko wani ya ja daga layinka, ko kuma mitar ce ke da matsala. Nemi ƙwararre ya duba, in matsalar ta mita ce ka kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin wuta. Don Allah kada ka bari a zagaye maka mita: laifi ne a doka, kuma irin wannan haɗi na kawo gobara.