Yadda Ake Auna Dalma A Ruwan Kogi

Ya kamata hakimai da malamansu su sani, ba kowane ruwa mai garau ne ke da lafiya ba. Dalma takan narke cikin ruwa, ido bai ganinta, harshe bai jinta, tafasawa kuma ba ta fid da ita. A shekarar 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara.

To, ga yadda ake aunawa. A sami kwalbar roba mai tsabta, a ɗauraye ta sau uku da ruwan kogin, a cika ta inda ruwa ke gudu, a toshe. Malami ya rubuta sunan gari, misali Kanya Babba, da mashaya, da ranar ɗiba. A ɗakin gwaji akan tace ruwan, sa'an nan na'ura ta auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada dalma ta wuce miligiram 0.01 cikin lita guda.

A riƙa aunawa rani da damina. In ta wuce ƙa'ida, lalle hakimi ya hana sha, ya kai rahoto nan da nan.