Ba Kowane Wuridi Ne Zikiri Ba: Darasi Daga Taƙaddamar TM

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, fiye da shekara 50 ke nan ana jayayya a Turai da Amurka a kan wata tafiya da ake kira TM a taƙaice, Faransawa kuma su ce da ita Méditation transcendantale. Wasu na cewa motsa hankali ce kawai, kamar yadda ake motsa jiki. Wasu kuma na cewa ƙungiyar ɓata ce da ta lulluɓe addini da rigar kimiyya. Muridi yana da buƙatar ya san wannan taƙaddama, domin irin tuhumar da ake yi musu, akwai masu jifan ɗariƙun sufaye da ita.

Wanda ya kafa tafiyar Ba'indiye ne, Maharishi Mahesh Yogi. Ya fara koyarwa a Indiya a shekarun 1950, sunansa ya game duniya bayan mawaƙan Ingila da ake kira Beatles sun je wajensa a garin Rishikesh a 1968, ya mutu a ƙasar Holand a 2008. Aikin dai shi ne mutum ya zauna ya rufe ido minti 20 da safe, minti 20 da marece, yana maimaita wata kalma a zuci. Malami ke ba shi kalmar a keɓe bayan ya biya kuɗin karatu, a kuma ce kada ya faɗa wa kowa.

Masu kāre ta suna da hujjoji. Sun ce ba a neman kowa ya bar addininsa ko iyalinsa, kuma akasarin masu koyo suna komawa gida su ci gaba da harkokinsu. A 2013 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce aikin yana iya ɗan rage hawan jini.

Masu suka kuwa sun nuna cewa kafin a ba da kalmar sai an yi wani biki: ɗalibi ya kawo furanni da ƴaƴan itace da farin ƙyalle, malami ya rera yabo da harshen Sanskirit a gaban hoton malamin Maharishi, cikin yabon har da sunayen abubuwan bautar Hindu. Tsoffin malaman tafiyar sun fallasa cewa kalmomin ƴan kaɗan ne, ana zaɓen su gwargwadon shekarun mutum. A 1977 wata kotu a jihar Niyu Jasi ta Amurka ta hana koyar da darasinsu a makarantun gwamnati, ta ce yana da siffar addini, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 1979. A 1995 rahoton wani kwamitin majalisar dokokin Faransa ya sa su cikin jerin ƙungiyoyin da ya kira secte. Akwai kuma wani mataki na gaba da suke kira tashi sama, alhali abin da ido ke gani tsalle ne a zaune bisa katifa.

Mai kallo daga nesa zai ce: ga shehi, ga izini, ga lafazi safe da marece, to ina bambanci da ɗariƙa? Amsa ita ce kama da wane ba ta wane. Ga ma'aunai huɗu.

Na farko: wa ake ambata? Lazimin Tijjaniyya istigfari 100 ne, salatin Annabi 100, hailala 100. Dukansu umarni ne daga Alƙur'ani da Sunna, kuma muridi ya san ma'anarsu. Aya ta 28 cikin Suratur Ra'adi ta rataya natsuwar zukata ga ambaton Allah. Kalmar da mutum bai san asalinta ba tana iya kwantar da jijiya, amma ba ta kai bawa ga Ubangijinsa.

Na biyu: me ake ɓoyewa a bakin ƙofa? Sharuɗɗan ɗariƙa a rubuce suke, muƙaddami yana karanta su ga mai nema kafin ya karɓa, wazifa kuma a fili ake yin ta cikin masallaci da zawiya. Wanda aka kai shi gaban hoto ba a gaya masa ma'anar abin da ake rerawa ba, an ci amanar yardarsa.

Na uku: wa ke bisa wani, shehi ko shari'a? Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya ƙara masa yarda, ya umarci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin shari'a, su riƙe wanda ya dace, su bar wanda ya saɓa. Tun kafinsa Abu Yazid al-Bisɗami ya yi gargaɗin kada a ruɗu da mutum ko da an gan shi yana tashi sama, har sai an ga yadda yake tsare umarni da hani.

Na huɗu: kuɗi da zumunci. Wuridi ba haja ba ne da ake sa wa farashi. Kiyaye salloli biyar cikin jam'i da biyayya ga iyaye suna cikin sharuɗɗansa.

Waɗannan ma'aunai ba na auna baƙi kaɗai ba ne. Muƙaddamin da ya mai da izini abin sayarwa, ko ya raba ɗa da mahaifinsa, ko ya ce makusanci ya wuce salla, ya faɗa cikin abin da ake zargin wasu da shi, ko da carbinsa ya kai ƙasa. Sunan ɗariƙa ba ya wanke shi.

Mai hawan jini ya je ga likita, mai ƙuncin zuciya ya lazimci zikiri da iliminsa. Wanda aka yi wa tallar wata hanyar natsuwa a waya ko a wurin aiki, ya tambayi ma'anar lafazin da asalinsa kafin ya sa shi a zuciyarsa.

Allah Ya tsare imani, Ya sa a cika da kalmar shahada, albarkacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam.