Tsohon Keken Lantarki: A San Zamaninsa Kafin A Ɗora Masa Hannu

Tun daga watan Mayu na 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya har kuɗin lita ya ninka ya sake ninkawa, mutane da yawa waɗanda a da ba su ko waiwayar keken lantarki suka shiga neman labarinsa. Kuma da yake sabo yana da tsada, sai hankalin masu ƙaramin ƙarfi ya koma ga tsofaffin da ke zuwa a cakuɗe cikin kekunan gwanjo, waɗanda dillalai kan sayar a farashin keke zalla, bisa zaton cewa injinsu ya riga ya mutu. Ni sana'ata gyaran kayan lantarki ce, kuma irin waɗannan kekuna suna yawan zuwa hannuna. Abin da na lura da shi, wanda shi ne musabbabin wannan rubutu, shi ne galibinsu batirinsu kaɗai ya ƙare, amma ɓarnar da ba ta gyaruwa takan same su ne a yinin farko da suka shiga hannun sabon mai su, sa'ad da gaggawa ta sa aka jona musu wutar da ba tasu ba. Saboda haka na ga ya wajaba in taƙaita wa 'yan'uwa tarihin wannan na'ura da tertibin gyaranta, domin wanda ya san zamanin da aka ƙera keke ya san abin da zai tarar a cikinsa tun bai kwance noti ɗaya ba.

Jama'a da dama suna ɗauka keken lantarki bidi'ar jiya ce, alhali kuwa ya girmi kakanninmu. A ranar ƙarshe ta shekarar 1895 hukumar Amurka ta ba wani mai suna Ogden Bolton shaidar mallakar ƙirar wani keke wanda aka dasa injinsa a cikin cibiyar ƙafar baya, yana shan wuta daga batir mai bolt 10. A 1897 kuma Hosea Libbey, mutumin Boston, ya zo da nasa tsari, inda ya sa injin a gindin feda. Waɗannan mazhabobi biyu, ta cibiyar ƙafa da ta gindin feda, su ne masu ƙera kekuna suke bi har yau, ba a sami ta uku da ta rinjaye su ba. Abin da ya hana hikimar yaɗuwa a wancan zamani shi ne batir, domin na dalma, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, nauyinsa ya fi amfaninsa ga abin da mutum zai tuƙa da ƙafa, ga kuma fetur yana ta ƙara araha. Kamfanonin Philips da Simplex na ƙasar Holan sun jarraba a 1932, amma abin bai yi nisa ba.

A Ingila, cikin Janairun 1985, Sir Clive Sinclair ya fito da C5, mai ƙafa uku, wanda mahayinsa ke tafiya a kishingiɗe dab da ƙasa, da inji mai wat 250, da batirin dalma mai bolt 12, da gudun da bai wuce kilomita 24 a sa'a ba. An ƙera kimanin 14,000, amma wajen 5,000 kaɗai aka sayar kafin kamfanin ya durƙushe a cikin shekarar, domin mutane sun ji tsoron shiga tsakanin manyan motoci a kwance. Sinclair bai daddara ba, a 1992 ya sake fitowa da Zike, ƙaramin keke mai kilo 11 wanda aka ɓoye batirinsa na nikel da kadmiyam a cikin firam, shi ma kimanin 2,000 aka sayar.

Nasarar haƙiƙa a Japan ta auku, sa'ad da kamfanin Yamaha ya fito da PAS a ƙarshen 1993. Hikimarsa ita ce ba shi da totur ko kaɗan: akwai wata na'ura a gindin feda mai auna nauyin takun mahayi, sai injin ya ƙara masa kwatankwacin ƙarfin da ya sa, har zuwa gudun kilomita 15 a sa'a, daga nan taimakon ya riƙa raguwa har ya yanke a kilomita 24, wanda da wannan sharaɗi ne hukuma ta yarda a lissafa shi cikin kekuna, ba cikin babura ba. Na farkon nauyinsa kilo 31, batirinsa na dalma yana kai mutum wajen kilomita 20. Bayansa kamfanin Giant na Taiwan ya yi Lafree Twist da injin Panasonic da batir mai bolt 24, wanda ma'abota wannan fanni har yanzu suke yabon ƙarkonsa. A Amurka Lee Iacocca, tsohon shugaban kamfanin motoci na Chrysler, ya kafa EV Global a 1997. Ƙasar Sin kuwa ta kafa ƙa'idarta a 1999, ta ƙayyade gudu a kilomita 20, nauyi a kilo 40, inji a wat 240, sannan ta ƙera miliyoyi masu totur da batirin dalma. Tarayyar Turai ita ma a 2002 ta tsayar da nata haddi a wat 250 da kilomita 25.

Fa'idar da mai gyara zai tsinta daga wannan tarihi ita ce tsofaffin kekuna sun kasu gida uku ta fuskar batir. Akwai na dalma, wanda kowane tubali bolt 12 ne, biyu a jere su ba da 24, uku su ba da 36. Akwai na nikel, wanda kowace ƙwaya bolt 1.2 ce, sai an jera ashirin kafin a sami 24. Akwai kuma na litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, amma bai yawaita a kekuna ba sai bayan shekara goma da ɗoriya. Ta fuskar inji kuwa gida biyu ne: mai burushi, wanda waya biyu ce kawai ke fita daga cikinsa, da marar burushi, mai waya uku masu kauri, galibi tare da ƙanana biyar. Kowane gida da cajarsa da kwantirolarsa, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, kuma cakuɗa su shi ne asalin yawancin musibar da nake gani.

Farillar farko, tun kafin a taɓa komai, ita ce karanta abin da aka rubuta a bayan caja da jikin batir da jikin kwantirola, a kwafe shi a takarda, a kuma ɗauki hoton wayoyi yadda suke. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, a Amurka 120, a wurinmu kuwa 230. Cajar da aka yi domin Japan, idan ba a rubuta mata cewa tana karɓar har 240 ba, jona ta kai tsaye a soket ɗinmu yana ƙona ta nan take, kuma samun irinta a nan abu ne mai wuya. Maganin wannan ƙaramar taransifoma ce mai rage wuta. Haka nan mai keken Japan kada ya ce keke ya lalace don bai ga totur ba, kuma kada ya ɗora ƙafa a kan feda a lokacin da yake kunnawa, domin a wannan ɗan lokaci ne na'urar auna taku take daidaita kanta. In ta ji nauyi sai ta rikice, taimakon ya zo da rauni ko fitila ta yi ta ƙiftawa.

Na biyu, a gyara shi a matsayinsa na keke tukuna. A duba firam da fok ko akwai tsaga ko tsatsar da ta ci ƙarfe, musamman inda aksil ɗin inji yake zama, domin nan ne ƙarfin juyawa yake taruwa; a ɗaure wayoyin ƙafa da suka saki, a wanke boris a sa sabon giris, a sake birki da tayoyin da suka tsattsage. Keken da ke da nauyin kilo talatin ko arba'in, in birkinsa ba ya kamawa, farfaɗo da injinsa zalunci ne ga mahayi da masu tafiya a ƙasa.

Na uku shi ne inji, kuma a nan ne ake yawan yanke hukunci ba da hujja ba. Mai burushi jarrabawarsa mai sauƙi ce: a ɗaga ƙafar sama, a taɓa wayoyinsa biyu a batir mai bolt 12, in ya juya, to yana da rai. In bai juya ba, ko yana juyawa yana tartsatsi, sai a yi wa murfin alama da alli domin ya koma yadda ya fito, a buɗe shi a kan tsumma mai tsabta. Za a tarar da baƙar ƙura kamar ta gawayi ta lulluɓe ciki, ga burushin sun cinye har sifirin da ke tura su ya kusa taɓa tagulla. Sai a hure ƙurar, a goge zoben tagullar da samfefa mai laushi har ya yi ja, a bi tsagogin da ke tsakaninsa da tsinke a fitar da dauɗa, a sa sababbin burushi daidai girman na da. Wajen mayar da murfi a kiyaye yatsu, domin maganaɗisun da ke ciki yana fizgarsa da ƙarfi farat ɗaya. Marar burushi kuwa, a cire shi daga kwantirola, a haɗa biyu daga wayoyinsa masu kauri, a juya ƙafar baya-baya da hannu. In an ji tana cijewa daki-daki, an kuma sami haka a kowane biyu da aka haɗa, to kwayil ɗinsa lafiya lau. In inji yana kuka amma ƙafa ba ta tafiya, ƙananan giyoyin roba da ke ciki ne haƙoransu suka cinye, kuma musanya su ba shi da tsada.

Na huɗu, wayoyi da kwantirola. Sau da yawa illar ba ta wuce fis da ya yanke, ko mahaɗar waya da ta yi kore, ko makunnin da ke hannun birki ya maƙale yana gaya wa kwantirola cewa an taka birki alhali ba a taka ba. Totur kuma ana gane lafiyarsa da mita: yana karɓar bolt 5, yana mayar da abin da bai kai 1 ba in an sake shi, ya haura har wajen 4 in an murɗa.

Batir shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi tsada da mafi hatsari. Na dalma in ya daɗe a ajiye ba caji, wani farin gishiri mai tauri yakan daskare a kan farantansa, kuma duk abin da masu da'awar farfaɗo da shi za su zuba masa ba ya mayar da shi yadda yake. Zafi irin na bazararmu ma yana gajarta ransa ƙwarai. Lissafin kuwa a sarari yake: bolt 36 sau amfiya-awa 12 ya ba da wat-awa 432, wanda batirin dalma ba ya iya bayar da shi duka, shi ya sa tafiyarsa ba ta cika wuce kilomita ashirin da wani abu ba, ga nauyin wajen kilo 12, na litiyam mai wannan adadi kuwa bai fi kilo 3 ba. Musanya na dalma da na litiyam ya halatta, amma da sharuɗɗa uku: bolt ya zama daidai da na asali, wato ƙwaya goma a jere ga keke mai 36, ya kasance da allon kariya mai yanke wuta in caji ya cika ko ya ƙare, a kuma saya masa cajarsa mai tsayawa a bolt 42 cur, a ajiye tsohuwar. Masu ɗora batir mai 48 a kan kwantirolar 36 domin neman gudu su sani in ya cika yana kai 54.6, alhali kayan cikin irin wannan kwantirola galibi haddinsu 50 ne. Ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi ke nan. Kekunan Japan na zamanin litiyam kuma batirinsu yana musayar saƙo da keken ta wata waya ta musamman, baƙon batir ba ya tashinsu, sai dai a sake ƙwayoyin cikin gidan na asali, wanda aikin gwani ne. Litiyam ɗin da ya kumbura, ko wanda aka harhaɗa daga tsofaffin batiran kwamfuta ba a auna su ba, kada a shigar da shi ɗaki. Kuma kowane iri ne, kada a yi cajinsa a rana, ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, ko a bar shi a jone a kwanta barci.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta a kan tsohon batirin da aka cire. Dalma guba ce, kadmiyam ma haka, kuma mu a arewa mun ga abin da dalma take yi a 2010, sa'ad da ƙurar duwatsun zinariya ta yi ajalin yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Wadda ke cikin batir ita ce dai wannan dalmar. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a narka shi a kan murhu, kada a zubar da ruwansa a kwata. A miƙa shi a rufe ga masu sayen tsofaffin batira.

Daga ƙarshe ina jan hankalin abokan sana'a ga abin da malaman fiƙihu suka daɗe suna karantarwa a babin ciniki, cewa ɓoye aibin haja algus ne. Wanda ya gyara tsohon keke zai sayar, wajibi ne ya bayyana shekarun batirinsa da nisan da yake kaiwa bisa gaskiya, ya rubuta bolt ɗinsa a jikin caja da jikin keke, ya kuma gaya wa mai saye abin da aka musanya da abin da aka bari. Shi kuma mai saye, kafin ya biya, ya nemi a ɗaga ƙafar a jarraba injin a gabansa, ya lissafa kuɗin sabon batir a cikin farashi. In jimillar ta kusa kuɗin sabon keke, ya haƙura ya bar shi, in kuwa firam da inji suna da lafiya kuma lissafi ya yi, to ya saya da natsuwa, domin injin da aka kula da burushinsa da boris ɗinsa yakan cinye batir bayan batir yana nan yana aiki. Allah ya sa mu dace, ya kiyaye mu daga gobara da asara.