Farauta Ba Da Kibiya Ba

A ƙasar Dayi, da Malumfashi, da Funtuwa, Allah ya hore mana tsuntsaye iri iri. Akwai belbela mai bin shanu, da carki mai cin kaskar jikinsu. Akwai cilakowa, da hazbiya, da zalɓe mai tsayuwa bakin ruwa. Akwai kuma shamuwa, baƙa mai farin ciki, wadda ta kan zo gab da faɗuwar damina. Da manomi ya gan ta sai ya gyara garmarsa. In kaka ta yi, ta koma can kudancin Afirka.

Yara da yawa in sun ga tsuntsu, abin da ke fara zo musu a rai shi ne danƙo da dutse. Amma akwai wata irin farauta wadda ba a zub da jini a cikinta, watau ɗaukar hoto.

Mai wannan farauta yana da kayan aiki huɗu. Na fari tabarau na hangen nesa, don ya gane tsuntsu tun bai matsa ba. Na biyu kyamara mai dogon gilashi, kamar na milimita 300 ko 400, wanda ke jawo na nesa kusa. Na uku wata tsayayya mai ƙafa uku, wadda a kan ɗora kyamarar a kai, gama in hannu ya yi rawa hoto ya ɓaci. Na huɗu 'yar bukka ta karan dawa, inda zai ɓuya.

Wannan bukka ita ce asirin aikin. Kun san maharbanmu su kan ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya, nama ya zaci tsuntsu ne. To, haka waɗansu 'yan'uwa biyu suka yi a Ingila, Richard da Cherry Kearton. A 1892 suka fara ɗaukar hoton sheƙa da ƙwai a ciki. Daga baya suka sa aka yi musu siffar sa da fata, cikinsa fayau. Ɗayansu ya kan shiga ciki da kyamara, tsuntsaye su sauka kusa ba tsoro.

Mai ɗaukar hoto ya kan fita da sassafe ko da la'asar, sa'ad da rana ba ta da zafi. Ya kan ba rana baya, don haske ya faɗa kan tsuntsun. Ba ya sa farar riga, ba ya magana. Ya kan yi awa biyu zaune kafin ya sami hoto guda. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Akwai doka ɗaya wadda ba a ƙetarewa. Kada a taɓa sheƙa, kada a sare reshen da ya rufe ta. In uwa ta tsorata ta daɗe ba ta komo ba, rana ta kan kashe 'ya'yan.

Ko ba ka da kyamara, kana iya farawa yau. Sami littafi da fensir, ka zauna gindin tsamiya, ka rubuta launin tsuntsu, da kukansa, da abincinsa, da ranar da ka gan shi. Wanda ya harbi tsuntsu ya ci sau ɗaya. Wanda ya san shi kuwa, baɗi ma zai tarbe shi.

Tambayoyi
1. Yaushe shamuwa ta kan zo?
2. Mene ne amfanin bukka?
3. Don me ba a taɓa sheƙa?